Nutso a Tudu

Evaristo ya taso daga ƙasan teku a gaggauce,
tiyon iskarsa ya tsinke.
Kafin kwale-kwale ya taɓa gaɓar Ancud
ƙafafunsa sun daina amsa kira.

Likita ta ce, Ermelinda,
kin taɓa buɗe kwalbar lemo da sauri?
Haka jinin mijinki ya yi kumfa.
Za mu mayar da shi zurfi, amma a tudu.

Suka tura shi cikin tulun ƙarfe,
suka murɗe ƙofa.
Allurar ma'auni tana hawa, yana haɗiyar yawu,
yana toshe hanci don kunne ya buɗe.
Ba ashana, ba waya, ba man shafawa,
iskar nan ƙawar wuta ce.

Matsi ya danne kumfa har ta ƙanƙance.
Oksijin zalla ya narke cikin jini,
ya bi lungu inda hanya ta toshe
ya kai wa jijiya abinci.

Bencinmu ɗaya da tsohuwa Clorinda,
gyambon ciwon suga ya ƙi rufewa a diddigenta,
yau zuwanta na ashirin da uku.
Jikanta ma, in ji ta, hayaƙin gawayi ya sumar da shi,
a nan ya farfaɗo.

Awa biyar ina manne da taga
mai faɗin faranti.
Likita ba ta yi alkawari ba.
Can sai babban yatsansa na hagu
ya motsa kamar kifi a ƙarƙashin mayafi.
Shayin hannuna ya daɗe da hucewa.