Audugar Gindin Dutse

Ruwan farko ya sauka daren Laraba,
har da ƙanƙara, ta huda mana kwanon kicin.
Da asuba Baba Jatau ya doki ƙofata da sanda:
"Tashi, Cindo. Yanzu suke fitowa.
Kwana biyar sun buɗe, sai kuma baɗi."

Keke ya aje ni bayan Lamingo,
sauran tafiyar ta ƙafa ce.
Azi mai awaki ya nuna min da haɓa:
can, inda dutsen Shere ke zufa,
inda rana ba ta leƙawa sai azahar.

Ga su nan durƙushe cikin laka,
kowanne ya naɗe kai kamar jelar hawainiya,
lulluɓe da wani gashi ja-ja
mai taushin ƙeyar jariri.
Ban san sunan tsiron ba.
Azi ya faɗa da yarensa, iska ta ƙwace.

Ba a tsinkewa. Murzawa ake,
babban yatsa da manuni,
kamar mai cire ƙaya a tafin yaro.
Ka taɓa uku, ka tsallake biyu,
haka aka ce min, ban nemi dalili ba.
Har hantsi ya dubi ludayi
abin da na tara bai rufe gindin gwangwani ba,
tururuwa kuwa ta karɓi harajinta a ƙwaurina.

Ai mun gwada wasu.
Audugar rimi girman kai gare ta,
ba ta yarda ta jiƙe.
Ta tumfafiya santsi, tana zille wa zare
kamar wanda kake bi bashi
ya hango ka a Taminus.
Rama, a bar ta ga masu igiya.
Wannan kaɗai ke shan ruwa ta yi duhu
ta koma tumbin ƙwaro.

Wani baƙo ne daga Japan, in ji Baba,
ya zo gyaran injin ruwa tun ba a haife ni ba.
Ba Hausa, ba Turancin kirki.
Ranar aiki Baba ke riƙe masa sifana,
ranar Lahadi shi ke riƙe yatsun Baba
yana koya musu naɗi.
Ya tafi ya bar sandar gora da ƙugiya shida.
Sunansa ya lanƙwashe a bakinmu ya zama Mori.
Ƙugiya saura biyu.

Yanzu yana ta rufe idon Baba.
Na miƙa masa gwangwanin,
ya ɗebo ya kai leɓe,
can ganinsa ya koma da zama.
"Ka haɗo da ƙasa," ya ce. "Amma ita ce."

Ni ke ɗauri, shi ke faɗa.
Baƙin zaren ɗinkin Inna,
gashin zabo guda, a juya shi gaba
kamar lemar da iska ta birkice,
sai audugar, da ɗan yawu,
naɗi bakwai. Na yi takwas.
Ya ji a kunne, ya ce in warware.

La'asar muna bakin kududdufin kuza,
koren ruwan da kakana ya haƙa
da kwano a ka, sule a mako.
Yara masu tana suna ta dariya:
"Malam, kifin Jos zai ci gashi?"
Mazari ya sauka kan gorata, ya tashi.

Na jefa. Na ja kaɗan, na saki,
gashin ya buɗe, ya tsuke,
yana numfashi a ƙarƙashin ruwa.
Wata karfasa ta taso, faɗin tafina,
ta tsaya, ta kewaya shi sau ɗaya,
ta koma duhunta.

"Ta taɓa?"
"Ta dai duba, Baba."
Ya gyara zama kan dutsen,
ya ja hularsa ta sanyi har kunne.
"Ni shekara biyu ba ta ko dube ni ba.
Sake jefawa. Rage ƙarfin hannu."