Wasan Yatsa Uku

Kwalin ya iso Rättvik ranar Talata,
ƙanƙara ba ta gama sakin tafkin Siljan ba.
Na farke shi da wuƙa a daɓen gareji:
doguwar sanda mai haƙora a jere,
ɗan giya guda da zai riƙa taka su,
tiyo biyu, famfo, da takardar bayani
wadda babana Sixten ya shimfiɗa
ya ɗora kofin gahawarsa a kai.

Buick ce, ƙirar hamsin da bakwai,
ta girme ni da shekara goma sha ɗaya.
Kafaɗa ce ta gaji, in ji shi,
juya wannan jirgin ruwa a bakin kanti
ya zama kokawa da bijimi.

Kwana huɗu ina kwance a ƙarƙashinta.
Tsohon akwatin sitiyari ya ƙi fita,
notinsa sun sha tsatsa sun yi taurin kai.
Uku na ba su mai, na ba su wuta,
na huɗun sai da ya sha zagi ya saki.
Akwatin ya faɗo mini a ƙirji,
giris ɗinsa baƙi ƙirin, ya bushe kamar ƙanzo.
Baba ya karɓa, ya auna nauyinsa a tafi,
bai ce uffan ba.

A da sitiyarin nan yana da wasa,
faɗin yatsa uku kafin taya ta ji labari.
Ka juya, mota ta yi shawara da kanta,
sannan ta yarda, in ta ga dama.
A cikin yatsa ukun nan na koyi tuƙi.
A cikinsu yakan saki hannu ɗaya
ya nuna wa uwata Gunvor gidan da ba su saya ba.

Na ɗaure sandar, na daidaita hagu da dama,
na ja zare daga taya zuwa taya,
na zuba jan mai, na kori iska daga tiyo.
Wasa ya ƙare, ko na silin gashi babu.

Asabar da yamma muka ɗauki hanyar Tällberg.
A kwanar farko ya juya ta da yatsa ɗaya,
ya yi dariyar da na manta yana da ita.
Sai hanya ta miƙe ɗoɗar
tsakanin fararen itatuwa,
mota ta fara saƙa,
kaɗan hagu, kaɗan dama,
kamar allura a hannun mai jin barci.

Na ce laifina ne.
Na ƙirga kowane noti a zuciyata,
na sake auna zaren nan da ido rufe.
Sannan na dubi hannunsa.

Rawa yake.
Ƙarama, marar ƙara, kamar ganye kafin ruwa,
sabon ƙarfen kuma yana kai ta har kwalta,
bai rage ko ɗaya ba.

Shekara biyu ke nan, ya ce, ban ma tambaya ba.
Ita ta sani tun farko,
ta rufa mini asiri.
Ke kuma, Majken, kin sa mata haƙora,
ga shi ta koyi magana.

Bai tsaya ba, bai miƙo mini makulli ba,
ni ma ban nema ba.
Na matso, na sa hannuna na hagu
a ƙasan sitiyari, inda ba zai tare masa gani ba.
Muka dawo gida da hannu uku,
tafki na damanmu yana ta fashewa a hankali.

Börje ya taya tsohon akwatin har sau biyu.
Yana nan kan kanta, kusa da gwangwanin kusoshi.
In na rufe gareji da dare
nakan kama sandarsa in murza,
in ji wannan ɗan fili
inda ake juyawa, babu abin da ke juyawa.