Na Sha Ɗaya

A teburin Haladu mai shayi, bayan Kasuwar Dole,
tele na maƙale a bango tana nuna wata ƙasa
inda ruwa ya daskare ya zama dandali.
Wata yarinya ta ɗaura wuƙaƙe a tafin takalmi,
tana juyi kamar mazari a hannun tsohuwa.
Ta tashi sama, ta sauko a ƙafa ɗaya,
ƙafar ta ce ba da ni ba.

Haladu ya ce wayyo, ya ci gaba da sheƙa shayinsa.
Yara suka tuntsire da dariya.
Ni idona na can gefe,
inda wata ke tsaye cikin rigar sanyi har wuya,
takalmanta rataye a kafaɗa.
Fuskarta ba ta motsa ba,
ta dai haɗiye miyau.
Na san wannan haɗiyar.

Shekara uku ke nan ina na sha ɗaya
a jerin 'yan kokowar Damagaram.
Goma ke shiga fili, ni ke riƙe musu gora.
Tare muke hawan duwatsun Birni da asuba,
ƙwarya ɗaya muke shan fura,
amma in makaɗi ya jero sunaye
nawa sai ya tsallake shi kamar kwata.

Inna kan ce in roƙi Allah ya kawo ranata.
Sai in ɗaga hannu, in ce ya Rabbi,
daga nan bakina ya yi nauyi,
don ranata ba ta fitowa
sai ta wani ta faɗi.
Wa zan zaɓa cikin goma?
Sallau mai 'ya'ya huɗu?
Ko Nomau, da muka koyi kamu tun muna tsirara
a yashin tafki, bayan Garin Malam?

Ranar Laraba, saura kwana tara a tafi,
mai horo ya haɗa ni da Nomau don ya wasa jiki.
Kamun da muka yi sau dubu.
Na sa ƙafa, ya juya,
gwiwarsa ta yi ƙara irin ta busasshen kara.
Ina riƙe da shi har ya kai ƙasa.
Wallahi ban yi nufi ba.
Na faɗa wa kowa haka,
na faɗa wa kaina fiye da kowa.

Maɗori ya zo daga Mirya a bayan kabu-kabu,
ya shafa, ya tofa, ya jera karare,
ya ce wata uku, in an ji magana.
Mai horo ya dube ni yana tauna goro,
ya ce, je ka kakkaɓe warkinka.
Maganar da na yi shekara uku ina jira
ta shige ni kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Da dare na je gaida Nomau.
Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.
Can ya kwance gurun da ke ƙugunsa,
ya jefo mini ba tare da ya juyo ba.
Ya ce, dogon nan na Tawa ta hagu yake shiga,
kar ka ba shi wuya.
Na jira ya ƙara wani abu. Bai ƙara ba.

Gobe mota za ta tashi bayan sallar asuba.
Gurun ya yi mini yawa, na ƙara masa ƙulli.
Na biya wajen Haladu na tambaye shi
ko mai rigar sanyin nan ta shiga,
ko ta tsaya da ƙafarta.
Ya ce shi bai sani ba,
ana cikin haka aka ɗauke wuta.