Ido Mai Yatsa Biyu

A Tabalak, tun ladan bai gyara murya ba,
Tsahiru ya fito daga tabki yana rawar ɗari,
ya zazzage mini kamun dare cikin kwano.
Ba da taru ya kamo ba.
Da gidan sauron da likita ta ba matarsa ne,
wancan damina da take da ciki.

Na duba. Ƙyalli kawai,
kamar an watsa allurai cikin taɓo.
'Yan karfasa, ko ƙaya ba su yi ba,
ɗari ba su rufe gindin ludayi.

A tsakiyarsu akwai guda,
ba ta kai tafin hannuna ba,
ta damƙe baki kamar mai riƙon amana.
Na matsa mata kumatu,
sai 'ya'ya suka zubo,
baƙaƙen idanu da wutsiya, shi ke nan.
Kwana nawa ta yi ba ta ci ba
don kada ta haɗiye nata?
Ni da na goyi bakwai a baya
ban taɓa goyo da yunwar baki ba.

Ubana Ɗan Kulu, in yana saƙar taru
ƙarƙashin bagaruwar da ruwa ya ci yanzu,
sai ya zura yatsa biyu cikin kowane ido.
Ya ce, abin da ya wuce ta nan ba naka ba ne,
ajiya ce ka ba baɗi.

Na faɗa wa Tsahiru haka.
Ya matse wandonsa, bai dube ni ba.
Ya ce, Inna, baɗi ba ta kwana a gidanmu,
ba ita ke kuka da dare ba.
Kin san kuɗin tiyar hatsi jiya?

Na sani.
Na kuma ji injinan masu albasa
suna zuƙar tabkin tun asuba.
Gaiwa dai ta iya rani,
ta shige laka ta jira hadari.
Karfasa ba ta da wannan dabara.

Na ɗebi ruwa a ƙwarya,
na sa uwar da abin da ke motsi cikin nata,
na taka har gwiwa, na karkata.
Ba ta ko waiwayo ba.

Sauran kuwa na barbaɗa musu gishiri da yaji.
Mai ya yi zafi,
ga motar Agadas tana tsayawa.