Dubu Mai Zuba

Ni ne mai shayin bakin tashar Kumo.
Teburina na kallon shagon Gidado,
mai buga katin biki da kalandar suna.
Zancen nan ba a bakin wani na tsinta ba,
a bencina aka ƙulla shi, kan bashin kofi biyu.

Barau ne ya zo da dabarar,
shi da in lissafi ya wuce goma sai ya cire takalmi.
Ya ce, "Injin da ya fitar da fuskar amarya,
me zai hana shi fitar da dubu?"
Gidado ya hura shayi, ya kurɓa, ya ce, "Babu."

Suka sayar da babur ɗin Barau, lafiyayye,
dubu ɗari da tamanin, tsabarsu, masu ƙamshin banki,
suka hau motar Gombe sayen tawada da takarda.
Kwana tara shago na kulle,
amare uku suka tare ba kati,
janareto na tari har kiran assalatu.

Ran na goma suka fito da jakar leda.
Dattijan jikin kuɗin sun kumbura
kamar masu ciwon haƙori,
lambar kowace takarda iri ɗaya,
sai ka ce an haifi gari guda an raɗa masa suna guda.
Da suka ƙirga, ɗari da hamsin suka samu.
Tun kafin a kama su, sun faɗi talatin.

Ranar kasuwa, bayan magariba,
suka gamu da wani mai rago yana ta waige-waige.
Ba a ja ciniki ba. Saba'in ba ɗari biyar.
Bai duba kuɗi ba, su ma ba su duba dalili ba,
ya miƙo canji, duhu ya haɗiye shi.

Barau ya nufi mai tsire da ɗari biyar ɗin.
Mai tsire ya ɗaga ta saitin fitila,
ya ajiye wuƙa, ya ce, "Jabu."
Wayyo, ku zo ku ga ɓacin rai!
"Amana ta ƙare a ƙasar nan!
Mutum ya dubi idonka ya cuce ka!"
Suka ja rago, shaida mai ƙafa huɗu,
suka kai kansu caji ofis da ƙafarsu.

Saje Yila na kan benci yana gyangyaɗi.
Rago ya fizge igiya, ya je ya lashi hannunsa,
don tun Juma'a matarsa ke nemansa gida-gida.
Saje ya shafa ƙaho, ya ce, "To, da me kuka biya?"
Gidado, don a san ba matsiyata ba ne,
ya zaro ragowar daga aljihu.
Gumi ya riga ya yi aikinsa:
aljihu ya rine, yatsu sun rine,
dubu na zuba kamar atamfar gwanjo.

Tasha ta yi mako tana dariya,
ni ma na yi, har na ƙona madara.
Sai dai akwai abin da ban faɗa wa kowa ba.
Da ɗaya daga ciki suka biya ni bashin shayi.
Na gane ta, na yi shiru,
da daddare na liƙa wa Daso mai ƙosai.
Daso ta liƙa wa mai gawayi,
mai gawayi ya biya kwandasta.

Kwana huɗu, wani baƙo ya sha kofi ɗaya,
fitilata ta yi sanyi, hira ta yi daɗi,
na ƙirga masa ɗari bakwai masu kyau.
Da gari ya waye na buɗe gwangwani,
ga dattijan nan da kumburin kumatu,
sun dawo gida suna kallona.

Tana nan ƙarƙashin gwangwanin sukari.
In na ji dariyar wani ta taso mini,
sai in ɗaga gwangwanin tukuna.