Harafin da Gishiri Ya Ci

Bakwai saura kwata, teku ba ta gama wanke fuska ba,
na ja igiyar inji, ya yi tari uku irin na tsofaffi.
A nan Chiloé, a Maris ake buɗe makaranta,
lokacin da dankali ke jiran a tone shi,
ruwan sama kuma ya fara tuna hanyar gidajenmu.

Yara bakwai nake kwasowa daga ƙaramin tsibiri.
Bana sun zama takwas.
Ta takwas ɗin Yasna ce, 'yar Baldomero mai ɗinkin koma,
shekara shida, haƙoran gaba biyu sun tafi yawo,
jakarta ta fi bayanta faɗi.
Ranar farko ko uffan.
Ta damƙe igiyar jirgi kamar zanen uwarta.

Makarantar ɗaki biyu ce, katako da kwano,
da murhun itace a tsakiya
inda safa goma sha shida ke tururi a jere.
Malama Fresia 'yar birni ce,
cikinta na juyawa in ruwa ya tashi,
amma alli ba ya rawa a hannunta.
Ni a baranda nake zama ina gyaran ƙugiya,
mai ya yi tsada, ba na zuwa sau biyu.
Kunne ba shi da marfi.
Abin da ya faɗo ta taga, tsintuwata ce.

Makon farko kuka ne da majina.
Nahuel ya tauna fensir har ya kai baƙin.
Tagwayen gidan Cárcamo suka yi musayar suna
kwana uku, ba wanda ya gane
sai da ɗaya ya ƙi amsa laifin ɗaya.

Mako na biyu aka kai ga O.
Malama ta ce bakin tukunya ne.
Sai wata siririyar murya daga baya:
"A'a. Bakin kifi ne, in an fito da shi."
Na soke yatsa da ƙugiya don dariya.
Ashe tana da baki.

Daga nan ba allon kanti, ba buhun gari,
ba kwalin magani da ya tsira daga idonta.

Wata Laraba cikin Afrilu, ruwa ya janye,
ta tsuguna a gefen jirgina tana bi da yatsa.
"O. R. F. E." Ta tsaya.
"Don Arsenio, nan akwai giɓi."

Orfelina.
Shekara tara ke nan da muka kai ta tudun coci.
Wani mai fenti daga Castro ya rubuta min sunan,
na biya shi dankali buhu biyu,
na amince da shi yadda makaho ke amincewa da sanda.
Kullum da asuba nakan shafa wurin in gaishe ta.
Ban san gishiri ya ci harafi ɗaya ba.
Ina ta yawo da matata a teku
da giɓi irin na bakin yarinyar nan.

Ran Asabar na sayo farin fenti, ƙaramin gwangwani.
Yasna ta zana shi a jiƙaƙƙen yashi da tsinke:
sanda a tsaye, sanda a kwance,
kamar mutum ya zauna ya miƙe ƙafa.
Hannun da ya ja koma shekara hamsin
ya kama rawa a kan abin da bai kai taƙi ba.

Ya karkace.
Fenti ya zubo masa hawaye ɗaya.

Ta ja da baya, ta goya hannu yadda Malama ke yi.
A ƙasar nan bakwai ce ƙarshen maki.
Ta daɗe tana kallo.
"Huɗu," ta ce. "Ka haye, amma da ƙyar."

Litinin na matsar da kujerata kusa da taga.
Malama Fresia ta gani, ba ta ce komai ba.
Ta dai ƙara girman rubutunta a allo.