Jemage a Kasuwar El Alto

Lahadi ce, kasuwa ta cika ta batse,
iska ta sauko daga duwatsun ƙanƙara
tana yankan kunne kamar sabuwar reza.
Na tsaya gaban rumfar Wilmer
da boliviyano ɗari huɗu da hamsin
ƙulle a bakin mayafina,
kuɗin lemon da na matsa wata biyu cur.

Ya shimfiɗa waya biyu a kan jan ƙyalle.

Ta farko ba ta cika tafin hannu ba.
Fuskar gilashi gare ta, irin ta 'yan yayi,
amma cikinta na jiya ne:
kira, saƙo, rediyo, tocila,
da kyamara mai gani dishi-dishi.
"Ɗari da tamanin. Caji ɗaya, kwana shida."
Na ce a raina, wannan ai jemage ce,
tsuntsaye sun ƙi ta, dabbobi ba su karɓe ta ba.

Ta biyu faffaɗa, tana sheƙi
kamar tafkin Titikaka da hantsi.
"Autar manyan wayoyi ce," in ji shi.
"Za ki ga fuskar mai magana, ki tura hoto.
Ba zan ɓoye miki ba, cikinta ƙarami ne,
in ta ƙoshi sai ta toge
kamar jakin da ya hango gada.
Ɗari shida. Don ke, a rage talatin."

Ba ni zan riƙe ba. Babana ne, Saturnino,
can ƙauye, bayan Achacachi,
inda wuta ke zuwa baƙunta
ta tafi ba sallama,
inda sai an hau tudun makiyaya
kafin sabis ya leƙo da layi ɗaya.
Shekara sittin yana tonon dankali a daskararriyar ƙasa,
yatsunsa sun yi faso, sun zama ƙirgi.
Na taɓa miƙa masa tawa ya shafa,
gilashin bai ma san an taɓa shi ba.

Wilmer ya ce ƙaramar ba ruwanta da laushin fata,
dannawa take so, ko da farce ne.

To amma Nayra ta fara tafiya ran Talata,
taku huɗu, ta faɗi, ta yi dariya.
Rabonsa da ita tun tana cikin tsumma.
Ina ma ya gani da idonsa!
Na ƙirga a yatsu: cikon ɗari da ashirin,
kuɗin data duk mako,
caji kullum a gidan da ba wuta kullum.
"Ɗauki, ki biya a hankali," in ji Wilmer.
An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa,
ni dai nawa ya riga ya nannaɗe.

Na kira wayar maƙwabciyarsa, Eulogia.
Na ji takunta, haushin kare, sai iska,
can sai muryarsa.
"Baba, kana son wadda za ka riƙa ganinmu?"
Ya yi tari, ya ce,
"Fuskarki ni na riƙa wanke ta, na haddace.
Tana kama rediyo?
Ina son jin kuɗin dankali da asuba,
da mutumin nan mai faɗin daren da sanyi zai ƙone shuka."

Bai ambaci Nayra ba.
Na san shi, abin da ya fi so
shi yake bari a ƙasan harshe.

Na sayi jemagen.
Da canjin na shiga wurin mai hoto,
aka tsayar da ita, ta riƙe ƙafar kujera,
aka wanke mini a takarda mai kauri,
wadda ba ta neman caji.
Na ƙara da safar ulu ƙafa biyu.

Da zan wuce na waiga sau ɗaya.
Babbar na nan kan jan ƙyallen
tana haska fuskar wata mata
da ke kwance bakin mayafinta.